Yadda Na Zama Amin Yabani

Ba zan taɓa mantawa da wannan azahar ɗin ba, kuma ko ni na so in manta, mutanen unguwar Mansur ba za su bar ni ba. Shekaru sun ja, haƙorana sun ragu, yawancin waɗanda suka ga abin da idonsu sun riga mu gidan gaskiya, amma labarin yana nan yana yawo daga shago zuwa shago. Gara in ba da shi da bakina, don masu ba da shi yanzu har gishiri suke ƙara masa, wai na ƙone gida guda da mutane a ciki. Ban ƙone gida ba. Ku dai saurara.

Lokacin 'yan shekaru ne bayan an gama babban yaƙin nan na duniya. Ina da shekara talatin da 'yan kai, ina sayar da tsire a bakin hanya a Mansur. A nan Makka aka haife ni. Mahaifina ya taso daga ƙasar Kano a ƙafa, ya iso da mahaifiyata da tabarma da wuƙar fawa, kuma wuƙar ce gadona. Na iya tsire, wannan kam ba cika baki ba ne. Larabawa kan taso daga unguwanni masu nisa su tsaya a gaban tukubata suna cewa, “Ya mu'allim, zid shaɗɗa,” wato in ƙara yaji, suna ci hawaye na zuba. Da na tsaya a kan abin da na iya, da yanzu tsoho ne ni mai mutunci.

Matsalata baki. Mai tsire dole ya iya hira, don nama ba ya gasuwa nan take, kuma mai jira in bai ji labari ba sai ya tuna yana da wani uzurin. Wata rana wani mai saye ya kawo zancen jiragen ruwan ƙasar Yaban, wato Japan, da kan kawo yadi Jidda kafin yaƙi. Ban san lokacin da bakina ya ce, “Ai na yi shekara biyu ina musu girki a jirgi,” ba. Kowa ya juyo ya dube ni. Daɗin wannan kallon ne ya kashe ni. (Gaskiyar magana, sau ɗaya na taɓa zuwa Jidda, a bayan lori, kuma tun daga rabin hanya nake amai. Da na hango teku daga nesa sai jiri ya ɗebe ni, na zauna a ƙasa na juya masa baya.) To amma ƙarya in ta sami masu saurare girma take yi. Kafin shekara ta zagayo jirgin nan ya sha guguwa sau uku, na ceci wani matuƙi daga bakin kifi, kuma ranar da zan bar aiki kyaftin ɗin ya rungume ni yana kuka.

Mutanen da muka taso tare sun san ƙarya ce, dariya kawai suke yi. Wanda bai sani ba shi ne Yaya Isyaku, yayan matata Hajara. Bai daɗe da zuwa daga Sudan ba, bai san ƙuruciyata ba, kuma mutum ne da ba ya ƙarya, saboda haka bai san ana yi ba. Yana aikin tafinta a wurin wani muɗawwafi, irin manyan nan da ke karɓar alhazai su ba su masauki da tanti da abinci, sunansa Shehi Hamza.

Wata safiya ina jera nama sai ga Yaya Isyaku yana ta fara'a.

“Allah ya kawo maka,” in ji shi. “Bana an ba Shehi alhazai daga can gabas mai nisa, yana neman shugaban masu girki na Arfa da Mina. Na yi masa zancenka.”

“Ka ce masa me, Yaya?”

“Na ba shi labarin jirgin mana. Har kukan kyaftin.”

Tsinken da ke hannuna ya soke ni a yatsa, ban ma ji zafi ba.

Ku fahimci abin da wannan aikin yake nufi. Wanda ya riƙe girkin Arfa sau ɗaya ya yi kyau, to shi ke nan, duk shekara shi ne. Da shi mutum kan tashi daga bakin hanya ya kama shago mai ƙofa da rufi. Mu kuwa a lokacin muna ɗaki ɗaya da aka yi da faffaɗan gwangwanayen kananzir, da rana kamar tanda, ga yara biyu, ga Hajara da tsohon ciki. Ina so in ce wa Yaya Isyaku babu jirgi, sai shagon ya tsaya mini a maƙogwaro.

Da na gaya wa Hajara, ta ajiye tsintsiyar da ke hannunta ta dube ni tun daga ƙafa har kai.

“Wane jirgi? Kai da ko randa ka leƙa sai ka riƙe bango?”

“Ke dai ki yi mini addu'a.”

“Addu'a zan yi. Amma ka je ka gaya wa Yaya gaskiya tun kafin ka zubar masa da mutunci. Tsirenka ya isa ya sama maka aiki.”

Na ce mata abinci ai abinci ne a ko'ina: wuta, nama, gishiri. Wane irin girki ne zai gagari ɗan mahauci? Ta ce to, ta ɗauki tsintsiyarta.

Ranar Alhamis bayan azahar Shehi ya ce mu haɗu a unguwar Zahir mu ci abinci tare. Na sa farar rigata ta Juma'a, na ɗora 'yar shara a kai, na shafa turare har ƙudaje suka kauce mini. Na kuma ƙulle yajina a takarda na sa a aljihu, don ban taɓa zuwa cin abincin wani ba tare da shi ba.

Gidan abincin yana wani lungu ne a bayan kasuwa, ɗaki ɗaya mai tsawo, an shimfiɗa tabarmi da gajerun tebura. Mai wurin wani ɗan tsamurmurin tsoho ne mutumin tsibirin Jawa da ke can gabas mai nisa, ana ce masa Amm Yunus. A hanya Yaya Isyaku ya ba ni tarihinsa: lokacin da sojojin Yaban suka mamaye ƙasarsu a yaƙi, an tilasta shi yi wa manyansu girki, a nan ya koyi wata irin dahuwa tasu. Da aka gama yaƙi ya zo hajji, ya zauna, ya buɗe wannan wurin. 'Yan Jawa masu karatu a Harami da 'yan kasuwarsu su ne masu zuwa, kuma mutanen unguwa suna kiran abincin tukunyar Yaban.

“Ka ga za ku yi hira ke nan,” in ji Yaya Isyaku. “Ku biyu duk kun zauna da su.”

Gumin da ya keto mini ba na rana ba ne.

Mun tarar da Shehi Hamza a can ƙuryar ɗakin, bayan wani labulen tabarma da ake sakewa don manyan baƙi. Ƙaton mutum ne, gemunsa ja jawur da lalle, rigarsa fara tas ta sha guga, yana magana a hankali kamar mai auna kowace kalma. Ya riƙe hannuna ya daɗe bai saki ba.

“Ahlan, ya mu'allim. Na kawo ka nan ne don ka ɗanɗana ka gaya mini gaskiya. Yunus ya iya abincin nan, ko kuwa yaudarar mutane yake yi?”

Kun ji fa. Ni da na zo a gwada ni, ga shi an naɗa ni alƙali. Maimakon in ji tsoro sai na ji kaina ya ƙara girma. Na ce, “In sha Allahu, ya Shehi. Ba zan zalunce shi ba.”

Sai ga Amm Yunus ya ɗaga labule. Shehi ya gaya masa ga mutumin da ya yi shekara biyu a jirgin Yaban. Fuskar tsohon ta washe. Ya haɗa hannuwansa a cinya, ya ɗan rusuna, ya yi mini wata magana da wani yare mai kama da ana tauna gyaɗa da sauri. Ya tsaya yana jiran amsa.

Na yi tunani cikin gaggawa. Tsoho ne, ya rusuna, muryarsa a tausashe, kuma a Makka muke. Me zai zama in ba addu'a ba? Na ɗaga tafin hannuna na ce, “Amin.”

“Ahlan, ya Amin,” in ji shi, ya sake rusunawa ya fita.

Na ce a raina, ashe su har maimaita amin ɗin suke yi. Na dubi Yaya Isyaku, yana ta gyaɗa kai cikin alfahari.

Ba a jima ba ya dawo ɗauke da wata tukunyar tagulla da ban taɓa ganin irinta ba. Faffaɗa ce kamar kwanon wanki, a tsakiyarta akwai bututu a tsaye kamar wuyan buta, cikin bututun garwashi ne jajir. Kewaye da bututun kuwa ruwa ne, kusan fari, da wani baƙin ganye da 'yar albasa suna yawo. Ya ajiye ta a tsakiyar tebur. Ya kawo faranti na kabeji da albasa, da wani farin abu yanka-yanka kamar cuku, da siririyar taliya. Sannan ya kawo nama.

Ɗanye. Jajir. An yanka shi siriri har ina hango furen da ke jikin farantin ta cikinsa. Ni ɗan mahauci ne, na san wannan yankan aikin gwani ne, amma a lokacin ba yankan ne ya dame ni ba.

Na raɗa wa Yaya Isyaku da Hausa, “Yaya, ɗanye ne fa.”

“Ai kai ka sani,” in ji shi.

A gaban kowannenmu Amm Yunus ya ajiye ɗan finjali da wani baƙin ruwa a ciki. Sannan ya buɗe wani ƙyalle a hankali, ya fito da wasu sanduna sirara, ya jera wa kowa biyu-biyu. Baƙaƙe ne masu sheƙi, an yi musu zanen ja da ruwan zinariya. Ya ce bari ya je ya duba shinkafa, ya saki labule.

Shehi ya naɗe hannu a kan cikinsa. “Bismillah, ya mu'allim. Kai ne malami a nan, mu ɗalibai ne. Da me ake farawa?”

Ina jin motsin mutane suna ci a bayan labule, amma ba na ganinsu, balle in saci kallo in kwaikwaya. Na dubi tebur ina neman abu ɗaya da na sani. Finjali. Baƙin ruwa a finjali ai ko jariri ya san gahawa ce.

“Da gahawa ake farawa,” na ce. Na ɗaga na kafa kai na shanye.

Jama'a, ban san yadda zan kwatanta muku ba. Kamar an narkar da dutsen gishiri a ruwan daddawa aka bar shi ya shekara a rana. Harshena ya naɗe, kunnuwana suka yi ƙara, idanuna suka kawo ruwa. Na haɗiye da ƙyar, na ajiye finjalin, na yi gyaran murya.

“Madalla,” na ce, muryata kamar ta ɗan akuya. “Haka gahawarsu take. Sai wanda ya saba.”

Yaya Isyaku, bawan Allah, ya ce bismillah ya shanye tasa shi ma. Na ga jijiyar wuyansa ta miƙe. Ya dai ɗaga kai yana kallon rufi yana motsa baki, ina jin salati yake yi. Shehi bai taɓa nasa ba. Ya ce likita ya hana shi gahawa.

“Sai kuma me, ya mu'allim?”

Sai idona ya sauka kan sandunan nan. Na dubi sanduna, na dubi ɗanyen nama, na dubi garwashin da ke cikin bututu. Wallahi wani sanyi ne ya ratsa ni. Tsinke, nama, wuta! Ashe duk wannan tsoron da nake ji, mutanen Yaban ma tsire suke ci, kawai dai tsinkensu ne na masu kuɗi. Na ce a raina, Hajara, ina ma kina nan.

Na naɗe hannun riga. Na tattara sandunan duka shida, har da na Shehi. Bakinsu ba tsini, saboda haka sai da na ninka naman na yi ta murɗawa kafin ya shiga. (Har na yi tsaki na ce wa Shehi, wannan ita ce matsalar Yunus ta farko, bai san ana feƙe tsinke ba.) Na fito da ƙullin yajina na barbaɗa. Ina yi ina bayani, don in na fara ba na iya tsayawa: yadda kyaftin yake son nasa da kitse, yadda ake riƙe tsinke in jirgi yana tangaɗi.

“To wannan ruwan da ke tafasa fa?” in ji Shehi. “Na mene ne?”

“Na wanke hannu ne in an gama, ya Shehi. Mutane ne masu tsabta. Shi ya sa ake ɗumama shi, don ya cire maiƙo.”

“Da albasa a ciki?”

“Tana kashe ƙarni.”

“Masha Allah,” in ji shi, yana shafa gemu. Na ga kafaɗarsa tana ɗan rawa, na ɗauka mamakin ilimina yake yi.

Na jera tsire shida a kan bakin bututun, na gicciya su yadda za su zauna. Da farko abin ya yi kyau, har ƙamshi ya fara tashi. Sai kitse ya fara ɗiga cikin garwashi. A tukubata in kitse ya ɗiga, wuta takan ɗan tashi ta kwanta. Bututu kuwa ba tukuba ba ne, zuƙo iska yake yi daga ƙasa. Wuta ta yi tsalle ta fito kamar harshen maciji, tsawon hannu. Fentin da ke jikin sandunan ya fara kumfa yana tsiyaya, wani baƙin hayaƙi mai warin ƙonannen takalmi ya tashi, ya haɗu da hayaƙin yajina. Yaya Isyaku ya fara tari. A bayan labule ma aka fara tari, mutum ɗaya, biyu, sannan ɗakin gaba ɗaya.

“Haka yake yi,” na ce, ina fifita da hannu. “Yanzu zai kwanta.”

Bai kwanta ba. Sandunan da kansu suka kama. Biyu suka karye suka faɗa cikin bututu da namansu, wutar ta ƙara tashi har tana lasar gefen labulen tabarma. A nan ne hankalina ya gudu. Na fizgi ludayin da ke gefe, na ɗebo ruwan nan cike, na juye shi a cikin bututun.

Wanda bai taɓa zuba ruwa a garwashin da ke cikin bututu ba, ina roƙonsa kada ya gwada. Ƙara ta tashi, fuuu, toka da tururi suka yi sama kamar an harba bindiga, suka bugi rufi, suka dawo mana. Na ɗan lokaci ban ga kowa ba. Da ƙurar ta lafa, sai ga Shehi Hamza zaune yadda yake, hannu a kan ciki, amma jan gemun nan ya koma fari fat, farar rigar ta koma kalar jaki, ga wani ɗan guntun kabeji a kan rawaninsa. Yaya Isyaku kuwa idanu kawai ake gani.

Wani ya yaye labulen. Duk mutanen ɗakin suna tsaye, 'yan Jawa kusan goma sha, kowa da sanduna biyu a tsakanin yatsunsa. A kan teburansu ga irin tukunyarmu, ga nama yana iyo a cikin ruwan da na ce na wanke hannu ne. Kallo ɗaya na yi na gane komai, a lokacin da ganewar ba ta da sauran amfani.

Amm Yunus ya ratso su da kwanon shinkafa a hannu. Ya tsaya. Ya dubi rufi, ya dubi Shehi, ya dubi tukunyarsa.

“Ya Amin,” in ji shi da Larabci, a hankali, “me ka yi haka?”

Yaya Isyaku ya goge bakinsa ya ce, “Ya Amm, ai ba Amin ne sunansa ba.”

“A'a? To ai na tambaye shi sunansa da yaren Yaban, ya ce mini Amin.”

Sai wani ɗalibi ya fashe da dariya, sai na kusa da shi, sai ɗakin ya ɗauka. Shehi Hamza ya yi ta dariya har toka na zuba daga gemunsa, yana dukan cinya yana cewa, “Amin! Amin!” kamar mai bin liman. Na so ƙasa ta buɗe, amma ƙasar Makka dutse ce.

Amm Yunus kaɗai bai yi dariya ba. Ya ajiye shinkafar, ya durƙusa, ya tsinto guntayen sandunan ɗaya bayan ɗaya yana hure musu toka. Huɗu sun ƙone rabi, biyu sun tafi gaba ɗaya.

“Da su ake ci,” ya ce mini. “Kamar cokali. Waɗannan matata ce ta zo da su daga ƙasarmu a cikin kayanta. Tana kwance a maƙabartar Ma'ala yanzu. Ba na fito da su sai in an ce mini babban baƙo ne.”

Dariyar ta mutu. Da ya zage ni, da ya ɗauki ludayin ya kwaɗa mini, da na ji sauƙi. Ya dai naɗe guntayen a ƙyallensu ya sa a aljihu.

Na buɗe baki, a karon farko a wannan ranar gaskiya ta fito. Na ce, “Ya Amm, ka yafe mini. Ban taɓa shiga jirgi ba. Ko kwalekwale ban taɓa shiga ba.”

“Na gani,” in ji shi.

Na yunƙura zan tashi, Shehi ya dafa gwiwata. Ya ce babu inda za ni, abinci muka zo ci kuma sai mun ci. Aka share tebur, aka sake garwashi, aka sake ruwa. Amm Yunus ya kawo sandunan gora marasa fenti, ni kuma ya ajiye mini cokali. Ya zauna kusa da ni, ya ɗauki yanka ɗaya na nama da sandunansa, ya tsoma a tafasasshen ruwan, ya kaɗa sau uku, launinsa ya juya. Ya ɗan dangwala shi a baƙin ruwan nan na finjali, dangwalawa kawai, ya ajiye mini a kan shinkafa.

Abin da ya fi ba ni haushi har yau shi ne daɗinsa. Naman ya narke a bakina. Na so a ce ba daɗi, in sami ɗan abin riƙewa, amma ina. Na ci ina sunkuye, kuma (tunda yau ranar faɗin gaskiya ce) sai da na ƙara.

Da muka fito Shehi ya tsaya a bakin lungu yana kakkaɓe rawani.

“Ya mu'allim, duk wata nakan ci abinci a nan,” in ji shi. “Kuma tun kafin Isyaku ya kawo zancenka na sha aikawa a sayo mini tsirenka. Ba matuƙin jirgi nake nema ba. Ina neman mai hannu ne wanda zai zauna da Yunus sati biyu ya koyi abin da baƙina suke ci. Da ka ce mini ba ka sani ba, da gobe ka fara. Amma mutumin da zai sha gishiri ya ce gahawa ce, ya kuma bari surukinsa ya sha, a Arfa tanti guda zai shayar.”

Na so in ce masa shi ma ai da ya tsayar da ni tun a finjali, da sandunan tsoho suna nan. Ya zauna yana kallo ne don ya more. Amma mai toka a gira ba ya kawo ƙara.

Muka kamo hanyar Mansur a ƙafa ni da Yaya Isyaku, rana tana dukanmu. Sau uku yana tsayawa shan ruwa. Sai da muka hango unguwa ya juyo ya dube ni, fuskarsa cike da damuwa.

“To shi kyaftin ɗin da ya yi kuka fa? Shi ma babu shi?”

“Babu, Yaya.”

“Kai,” in ji shi. “Ni kuwa har tausayinsa nake ji.”

Ban san wanda ya riga mu kai labari ba, amma kafin in kai ƙofar gida wani mai shayi ya ɗaga hannu ya ce, “Sannu da sauka, Amin Yabani! Ya teku?” Hajara kuwa da ta gan ni sai ta matso kusa. Ta shinshina rigata, ta dubi girata da ta ƙone, ta zauna a kan tabarma ta riƙe cikinta ta yi ta dariya har na ji tsoron kada haihuwar ta zo a ranar. Da ta sarara ta ce, “Yaya fa?” Na ce ya sha shi ma. Nan dariyar ta tsaya, kwana biyu ba ta yi mini magana ba.

Aikin Arfa wani Sale aka ba, mai tsire a ƙarshen layinmu, wanda namansa in ka tauna sai ka huta a tsakiya. An ce da Shehi ya kai shi wurin Amm Yunus, duk abin da aka tambaye shi sai ya ce bai sani ba. Bayan hajji biyu ya kama shago mai koriyar ƙofa, daidai inda in na ɗaga kai daga tukubata sai na gan shi. Mu kuwa mun ƙara shekara huɗu a ɗakin gwangwani.

Bayan sati guda da faruwar abin na koma Zahir. Na sami itace mai kyau na feƙe sanduna shida da wuƙar mahaifina, na goge su da mai har suka yi sheƙi, na kai wa Amm Yunus. Ya karɓa da hannu biyu, ya jujjuya su, ya taɓa bakinsu da yatsa. Hannuna ya bi abin da ya saba, duk na yi musu tsini.

“Za su yi kyau da tsire,” in ji shi. Sannan ya yi murmushi, ya ce in zauna in sha shayi. Mun yi zumunci har ya rasu, kuma bai taɓa kirana da sunana na gaskiya ba, ko da yake na gaya masa ya fi sau goma.

Abin da na koya bai da yawa. Kalmomi uku ne, “ban sani ba,” kuma na gano ba a taɓa kai mutum asibiti don ya faɗe su ba. Ba zan ce na ƙware ba. Har yau in aka tambaye ni abin da ban sani ba, sai in ji wata amsa mai kyau ta taso mini tun daga ciki, da ƙafafunta da rawaninta. Sai in yi gyaran murya, in haɗiye ta da ƙyar, in ce a tambayi Sale.